Hoto Takwas Mai Farin Baya

Katifar ce ta ƙi shiga mota. Direba ya tura ta ta baya ta dawo, ya naɗe ta biyu ta warware ta tuge masa hula. Gwaggo na tsaye da jaka a kowane hannu tana ba da umarni, ita kuwa Ƙyasta dariya ta hana ta taimakon kowa.

"Malam, bi ta a hankali, sabuwa ce," in ji Gwaggo. "Jami'a za ta."

"Katifar ce za ta jami'a?"

"Ita da mai ita. Ga ta nan tsaye, ɗiyar ƙanena ce. Kuma da guminta za ta yi karatun, ba wanda ya ba ta ko sisi."

Tun daga ƙofar gida Gwaggo take raba wannan labari kyauta. Ta ba mai shagon kan kwana, ta ba wata mata da ta tsaya tambayar hanyar asibiti, yanzu ga direba ya samu nasa. Da ƙyar aka ɗaure katifar a saman mota suka shiga. Kafin a kai shatale-tale na biyu duk fasinjojin sun san yau ce ranar ƙarshe ta rajistar 'yan tsangayarta, ƙarfe huɗu ake rufe taga, kuma yarinyar nan ta kujerar baya mai baki har kunne safiyo, wato awon filaye, za ta karanta. Wani dattijo ya juyo ya ce shi ma yana da fili da maƙwabcinsa ke ci masa iyaka, in ta gama ta neme shi. Ƙyasta ta ce ya ba ta shekara biyar kacal. Ya ce kafin nan maƙwabcin ya shigo masa har ɗakin kwana. Mota ta kwashe da dariya, har direba.

Ƙyasta ba shi ne ainihin sunanta ba. Shekara uku ke nan tana aiki a situdiyon wani dattijo da kowa ke kira Baba Murmushi, saboda kalmar ba ta barin bakinsa ko da hoton motar da ta yi hatsari aka kira shi ya ɗauka. Da idonsa ya fara hazo sai ya sakar mata kyamara, shi ya koma kan firinta da almakashi. Ita kuma duk wanda ya zauna a gabanta sai ta ce, "Tsaya haka in ƙyasta." Sunan ya biyo ta har gida, har Gwaggo da ta riƙe ta tun tana 'yar shekara shida ta daina kiranta da wani.

Safiyo kuwa a wurin aiki ya kama ta. An taɓa ɗaukarta ta yi wa wasu ma'aikata hoto suna auna filin da za a gina makaranta, ɗaya daga cikinsu ya bar ta ta leƙa na'urarsu mai ƙafa uku. Ta ga wata bishiya da ke can ƙarshen fili ta taho har gaban idonta, tana iya ƙirga ganyenta. Ranar ta dawo gida ba ta da zance sai na kusurwa da iyaka. Yayanta, mai shagon magani, ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ce shi zai biya komai, tun daga rajista har sabulun wanka, amma harhaɗa magunguna za ta karanta, ta dawo ta riƙe masa shago na biyu da yake shirin buɗewa.

"In kuma safiyon nake so fa, Yaya?"

"In safiyo ne ki biya da kanki. Sai ki gani ko ana yi."

Ta ce to. Ba ta sake tayar masa da maganar ba. Ta dinga ɗaukar 'yan makaranta da masu neman aiki da jarirai masu tsala ihu, tana tarawa, har abin ya kai daidai adadin da ke kan takardar shiga jami'a, da ɗan rarar da ta sayi katifa.

A bakin ƙofar jami'a suka sauke kaya. Gwaggo ta ɗora katifar a ka ta hana kowa taɓawa. Ƙyasta na gaba rungume da fayil, tana gaida duk wanda suka haɗa ido da shi, malami ne ko mai shara. Ji take kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Gaban ofishin rajista cike yake maƙil. Jama'a sun yi cincirindo a jikin allon sanarwa, wani saurayi da ya fi kowa tsawo yana karanta wa na baya da ƙarfi kamar mai labaran rediyo.

"Sanarwa ta ɗaya! An yi ƙari. Kuɗin ɗakin gwaji, kuɗin gyaran haraba, kuɗin wasanni..."

"Waɗanne wasanni?" wata ta ce daga baya. "Ni ko gudu ba na yi!"

"Jimla dubu arba'in da biyar a kan na da. Ya fara aiki tun jiya."

Dariya Ƙyasta ta fara yi, don ta ɗauka dogon zolayar mutane yake. Ta kutsa ta karanta da idonta. Ga hatimi, ga sa hannu. Ta sake karantawa daga ƙasa zuwa sama ko lambar za ta canja, ba ta canja ba. Murmushin bai bar fuskarta nan take ba, ya tsaya a wurin kamar an manta da shi. Ta ja ƙafa ta dawo ƙarƙashin bishiyar da Gwaggo ta sauke kaya, ta zauna a kan naɗaɗɗiyar katifa, ta faɗa mata.

"Kira Yayanki," in ji Gwaggo.

"A'a."

"Ke, ɗan'uwanki ne fa, ba baƙo ba."

"Gwaggo, kin san yadda zai zo. Kuɗi a hannun dama, takardar canjin kwas a hagu."

"To ki karɓi na daman, ki ce ba ki ga na hagun ba."

Ƙyasta ta yi dariya duk da idonta ya ciko. Gwaggo ta ce bari ta nemo musu ruwan sha, ta zaga bayan gini da waya a hannu. Ƙyasta ta gan ta sarai, ƙarfin hana ta ne ba ta da shi.

Tana nan zaune sai ta lura duk wanda ya kai tagar rajista ba ya minti ɗaya yake juyowa yana tsaki, har waɗanda ke riƙe da rasit ɗin banki. Wata budurwa ta zo ta zube kusa da ita tana fifita da fayil.

"Na biya ƙarin nasu, wai kuma hoton ne bai yi ba."

"Me hoton ya yi?"

"Ba ki ji sanarwa ta biyu ba? Mai farin baya suke so, guda takwas. Alhali su suka rubuta mana mai jan baya a takarda! Mai hoto ɗaya ne a bakin ƙofa, shi ma babu wuta, injinsa ya ƙi tashi. Layinsa har titi."

Ƙyasta ta karɓi hoton budurwar ta duba, ta ɗaga kai ta dubi layin. Mutum ya fi ɗari uku, kowa da jan hotonsa a fayil. Ta dubi inuwar bishiyar da take zaune, haske ne mai laushi, ba ya sa mutum runtse ido. Zumbur ta miƙe. Ta buɗe babbar jakar Gwaggo ta tona har ƙasa, ta wuce tukunya, ta wuce cokula, ta zaro sabon zanin gadon da aka saya mata, fari tas, ko daga leda ba a fitar da shi ba. Ta kira situdiyo.

"Baba, rufe shago."

"Gobara aka yi?"

"Ɗauko kyamara da ƙaramar firinta mai batir, da duk takardar da ke cikin kabad. Almakashi biyu."

"Ke ba karatu kika tafi ba?"

"Mutum ɗari uku, Baba. Kowa hoto takwas yake nema kafin ƙarfe huɗu."

"Ɗari nawa kika ce?"

"Uku. A cire kuɗin takarda da tawada, sauran kashi biyu nawa, ɗaya naka."

"Ke, raba daidai muke yi in aikin waje ne."

"Yau kwastomomina ne, bangona ne."

"Wane bango gare ki?"

"In ka zo ka gani."

Kafin sha biyu Baba Murmushi ya diro daga babur ɗin haya, firinta a ƙirji kamar jariri, kyamara na lilo a wuya. Gwaggo ta dawo da ruwa ta tarar an farke ledar zanin gado, ta buɗe baki za ta yi faɗa, aka danƙa mata kusurwa ɗaya aka ce ta ɗaga. Dogon saurayin nan mai karanta sanarwa ya kama ɗayar, bisa sharaɗin nasa hoton kyauta ne. Aka kife bokitin wanka ya zama kujera. Baba ya zauna a kan katifa ya ɗora firinta a cinya. Tukunyar girki ta zama asusu.

Budurwar nan ce ta fara zama. Ƙyasta ta ɗan sunkuya, ta ce, "Tsaya haka in ƙyasta." Baba ya ce, "Murmushi!" Firinta ta yi ƙugi ta turo takarda, almakashi ya bi ta, ga hoto takwas mai farin baya. Budurwar ta ruga taga, bayan minti biyu aka jiyo ta tana ihu tana ɗaga fayil: "Sun karɓa! Wallahi sun karɓa!"

Shi ke nan, layin ofis ya juyo gaba ɗaya kamar an kaɗa shi.

Daga nan Ƙyasta ba ta ƙara sanin inda kanta yake ba. Fuska ta zauna, ta ƙyasta, fuska ta tashi. Ga mai gemun da bai gama fitowa ba, ga mai tabarau da ke walƙiya sai an cire, ga wata uwa da ta rako ɗanta ta nace ita ma sai an ɗauke ta tunda an zo. Gwaggo tana riƙe da zani da hannu ɗaya, tana nuna tukunya da ɗayan, bakinta bai huta ba.

"Kai, rufe baki, hoton makaranta ne ba na likitan haƙori ba. Ke, gyara ɗankwalinki, ya karkace. Ɗan nan, wa ya yi maka askin nan? Ka yafe masa."

Wanda aka zolaya ya yi dariya, na bayansa su yi ta tafi, Baba ya ce "Murmushi!" ko da mutum ya riga ya tashi. Waɗanda ba su da kuɗi a hannu suka dinga turawa ta waya, wayar Ƙyasta na ta ƙara a aljihu, duk ƙara ɗaya sai ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta manta da yunwa. Wani ɗalibi ya sa mata biskit a baki tana aiki, ta cinye ba ta ga fuskarsa ba.

Wajen ƙarfe ɗaya aka busa usur. Mai gadi ne, ya ratso jama'a yana kaɗa sanda.

"An hana talla a haraba! Wa ya ba ku izini? Ku tattara!"

Ƙyasta ta juyo. Ta sauke kyamara ta gaida shi da ladabi, sai idonta ya kai kan katin aikin da ke rataye a ƙirjinsa. Hoton ya koɗe har fuskar ta koma kamar tabon shayi.

"Baba mai gadi, waye wannan a katinka?"

"Ni ne mana."

"Haba, wallahi ba kai ba ne. Wannan ai ko hanci ba shi da shi. Mutum kamarka a ce da wannan yake yawo?"

Mai gadi ya ɗago katin ya duba kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce shekara goma sha tara ke nan da aka ɗauka. Ya ce shi dai doka doka ce. Yana cikin faɗin haka Gwaggo ta ce ya ɗan zauna ya huta ƙafa, ya zauna a kan bokiti, ya gyara hula, ya ƙame. Da hoton ya fito ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya a hankali ko za a iya yi masa babba guda ɗaya ya kai wa uwargida. Daga nan usur ɗinsa ya koma tsara layi, kuma duk wanda ya yi yunƙurin tsallake wani sai ya koma ƙarshe.

Ƙarfe biyu da rabi Yaya ya iso, ko farar rigar aikinsa bai tsaya cirewa ba. Ya zo da shirin tarar da ƙanwarsa tana kuka a gefe, sai ya tarar da kasuwa. Yana tsaye yana rarraba ido, dogon saurayin ya ga in bai tafi yanzu ba shi ma taga za ta rufe masa, ya waiga ya ga mutum ɗaya da hannunsa ba komai, ya danƙa masa kusurwar zani.

"Yallaɓai, ɗan riƙe nan, yanzu zan dawo."

Bai dawo ba.

"Gwaggo ta ce kina kuka," in ji Yaya ta saman zani.

"Na gama. Yaya, ɗan ɗaga, yana lanƙwasawa."

Ya ɗaga. "Na zo da kuɗin."

"Da takardar fa?"

Bakin takardar na leƙowa daga aljihun rigarsa, kusa da ambulan ɗin kuɗin.

"Ki saurare ni da kyau. Wannan ƙarin na bana ne kawai, baɗi za su sake. Ga littattafai, ga abinci, ga kayan zane, ga fita daji auna fili. Ba kullum za a canja launin hoto ki samu kasuwa ba. Ni na yi jami'ar nan, na san abin da nake faɗa. Waɗanda suka haɗa aiki da karatu a ajinmu, rabinsu ba su gama ba."

"Rabinsu sun gama ke nan. Tsaya haka in ƙyasta. Na gaba!"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka, Yaya. Hannunka na sauka."

Wani ɗalibi da ya zauna a bokiti ya ga farar riga, ya waiga ya ce, "Likita, tun safe kaina ke sarawa."

"Ka sha ruwa, ka shiga inuwa," in ji Yaya ba tare da ya yi tunani ba. "Kuma kalli gaba, ana ɗaukarka."

Gwaggo ta yi dariya har zanin ya girgiza, aka sake ɗaukar hoton. Minti arba'in Yaya ya yi hannu a sama, gumi na bin ƙeyarsa, yana faɗa yana ɗagawa, yana faɗa yana ɗagawa. Duk lokacin da ya ce zai saki sai jama'ar layi su haɗa baki, "Likita, ka yi haƙuri, saura kaɗan!"

Uku da kwata Baba ya jawo tukunya, ya duba wayar Ƙyasta dab da hancinsa, ya ware kuɗin takarda da kasonsa, ya tura mata sauran.

"Ya kai," ya ce. "Har da na ruwa. Ki tashi."

Ta sauke masa kyamara a cinya, ta cusa kuɗin a jakar hannu, ta kwasa da gudu. Takalmi ɗaya ya cire, ta dawo ta ɗauka ta riƙe a hannu. A ƙaramin bankin da ke cikin haraba ta zazzage takardun kuɗi duk sun cukurkuɗe, ma'aikacin ya dube su ya dube ta.

"Daga ina haka?"

"Daga tukunya," ta ce tana haki.

Bai ƙara tambaya ba. Huɗu saura minti ashirin rasit ya shigo hannunta, ta sumbace shi a gaban kowa. Layin taga ya rage, kuma waɗanda ke ciki duk fuskokin da ta ɗauka ne, suka dare suka ba ta hanya suna cewa a bar mai hoto ta wuce.

Ma'aikaciyar rajista dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci. Ta buɗe fayil, ta duba takardar shiga, ta duba rasit, ta gyaɗa kai. Ta kai kan ƙaramin ambulan na hotuna, ta zazzage, ta turo su waje da yatsa ɗaya.

"Ja ne."

Ƙyasta ta dubi fuskarta takwas a jere, kowacce da jan baya. Mutum sama da ɗari ta ɗauka yau, ta manta da kanta. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ita kanta ba ta san kuka ne ko dariya ba.

"Saura minti goma sha ɗaya," in ji matar. "Ni ba na ƙara ko ɗaya."

Ta dawo gindin bishiya kamar an jefo ta. "Nawa! Ban ɗauki nawa ba!"

Baba ya girgiza kwalin takarda, guda ɗaya ta faɗo. Yaya ya riga ya saki zani, ya ce ko za a yanka shi hannunsa ba zai sake ɗaguwa ba, saboda haka mai gadi ya jingine sanda ya kama kusurwar. Baba kuwa ya ce shi in ya leƙa kyamara yanzu mutum biyu yake gani. Ƙyasta ta rataya wa Yaya kyamarar ta faɗa kan bokiti.

"Ina ake dannawa?"

"Nan sama, mai sheƙi. Cire yatsanka daga gaban gilashin!"

Ya danna, ya ɗauki reshen bishiya. Ya sake dannawa, ya ɗauki gwiwar hannun Gwaggo. Ƙyasta ta dubi Yayanta, mai shago, mai farar riga, wanda bai taɓa yin kuskuren ƙwaya ɗaya ba, ya ƙanƙame kyamara da hannu biyu kamar an ba shi maciji, sai dariya ta ci ƙarfinta.

"Ki daina dariya, saura minti bakwai!"

"Ba zan iya ba!"

"Ke, ki nutsu!" in ji Gwaggo, ita ma tana share hawayen dariya da kafaɗa.

Ƙyasta ta cije leɓe, ta cika kumatu da iska. Sauran ɗaliban da ke wurin suka haɗa baki da Baba, "Murmushi!" Yaya ya runtse ido ɗaya ya danna.

Hoton ya fito ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, kumatu kamar za su fashe, kai ya ɗan karkace. Amma bayan fari ne tas. Baba ya yanka da sauri, ta kwasa ta ruga.

Matar taga ta ɗaga hoton sama ta ƙare masa kallo ta saman tabarau. "Wannan fuskar za ki dinga gani a katinki har shekara biyar."

"Na yarda, Mama."

Hatimi ya sauka, dum. Matar ta turo mata takardar shaidar rajista da jadawalin lacca, sannan ta rage murya. "Gobe 'yan tsangayar ilimi ne, sun fi ɗari shida. Su ma ja aka rubuta musu. Ƙarfe takwas nake buɗewa." Ta ja taga ta rufe.

Da rawa Ƙyasta ta dawo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana kaɗa takardar a sama. Gwaggo ta rungume ta suka kusa faɗuwa kan bokiti. Mai gadi ya busa usur sau uku ba don an yi laifi ba. Da ta faɗa wa Baba zancen ɗari shida sai ya koma ya zauna a kan katifa, ya ce a ba shi ruwa.

"Ɗari shida," ya ce. "'Yar nan, wannan ai abincinki ne na zango guda, har da littattafai."

Yaya ya karɓi jadawalin yana dubawa yana murza kafaɗa. Ya sa yatsa a layin farko ya juyo mata da shi. Gobe, takwas zuwa sha biyu, lissafin safiyo.

Hayaniyar ta ɗan lafa. Jama'a sun watse, sai takardun da aka yanke suna yawo a ƙasa. Ƙyasta ta dubi layin jadawalin, ta dubi dogon ginin da ke can gefen fili, mai tagogi da yawa, wanda aka ce mata nan ne ajinsu.

"Ranar farko ai ba a koyar da komai, ko Yaya? Gaisawa kawai ake yi."

"A lokacinmu ana koyarwa."

Ta naɗe jadawalin gida huɗu ta sa a fayil. "Zan ari littafin wani in kwafa. Baba, ka zo da fakiti shida. Ƙarfe bakwai."

Yaya ya kai hannu kan aljihun da ambulan ke ciki, hannun ya tsaya a nan. Ya dube ta, ya ga ta gani, ya sauke. Ya daɗe yana kallon kyamarar da har yanzu ke wuyansa.

"Ki tafi ajinki," ya ce.

"Wa zai ɗauka? Baba ba ya gani."

"Ban ce na yarda da safiyon nan ba fa, ki sani. Sha biyu na bugawa ki zo ki karɓi abinki."

"Yaya, shagon fa?"

"Shago ba ya gudu." Ya juya wajen Baba. "Mai ɗauka kashi nawa ake ba shi?"

"Ɗan koyo ba a ba shi komai," in ji Baba. "Sai ya yi wata uku."

Ƙyasta ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ajiye fayil a kan katifa, ta ce Gwaggo ta zauna a bokiti, ta zo ta tsaya a gefen Yayanta ta gyara masa riƙon kyamarar.

"Matse gwiwar hannunka a jikinka. Haka. Nemi idonta tukuna, kada ka yi sauri. Yaya, yatsan nan dai."